Wata biyu da Gran Turismo 7: tuƙin ya yi, amma maƙon ya yi yawa

Minti goma sha takwas da fara tseren Le Mans a wasan bidiyo na tuƙin mota Gran Turismo 7, sai ga wani shuɗin tabo ya kunno kai a ɗan ƙaramin allon da ke nuna hadari, can ƙasa ta hannun dama. Ina cikin Mazda Atenza ta tsere, ina na huɗu, tayoyina kuwa masu sanƙon nan ne da ake ɗaurawa idan kwalta a bushe take. Ga ƙofar shiga wurin canja taya a gabana. Na ɗaga ido na dubi sama ta gilashin gaba, na ga gari garau, na ce haba, wannan hadarin wucewa zai yi. Na take totur na wuce abina.

Zagaye ɗaya a Le Mans ya haura kilomita 13. Wanda ya wuce ƙofar nan, sai ya yi minti huɗu da wani abu kafin ya sake ganinta. Ban kai ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne ba ɗigo ya fara sauka, waifa ta kama aiki. Kafin in isa kwanar Arnage ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na taɓa birki, na ji sakwaf a yatsana, alamar babu abin da taya ta riƙe. Motar ta yi juyi biyu ta tsaya tana kallon inda ta fito, motoci na wuce ni ɗaya bayan ɗaya suna watsa mini ruwa. A giya ta biyu na lallaɓa na ƙarasa zagayen, kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Na goma sha ɗaya na zo. Ban ji haushin kowa ba sai kaina, domin allon ya gaya mini gaskiya, ni ne na yi kunnen ƙashi. Ana gamawa na danna a sake.

Na fara da wannan labarin ne don kada ƙorafin da zan yi a gaba ya sa a ɗauka wasan bai yi mini ba. Ya yi mini, har ya hana ni barci. Amma akwai wuraren da ya ɓata mini rai, kuma ba ƙanana ba ne.

Gran Turismo 7 ya fito ranar 4 ga Maris 2022 a kan PlayStation 5 da PlayStation 4. Kamfanin Polyphony Digital na Japan ne ya yi shi, ƙarƙashin Kazunori Yamauchi, mutumin da ya ƙirƙiro na farko a 1997, wanda kuma shi da kansa ya sha shiga tseren awa 24 na Nürburgring da mota ta gaske. Ya zo da motoci sama da 420 da filayen tsere 34, waɗanda idan aka lissafa da sauye-sauyen hanyoyinsu sun kai 97. A kan PlayStation 5 nake buga shi, da hannun wasan da ya zo da na'urar, ba da sitiyari ba. Sai ka tanadar masa fili fiye da gigabait 100.

Tun daga buɗewa za ka gane da wane irin mutum kake hulɗa. Maimakon a jefa ka cikin Ferrari a ce ka ƙure ta, sai a zaunar da kai ka kalli fim na kusan minti takwas kan tarihin mota, tun daga zamanin hotuna marasa launi, kuma a karon farko babu damar tsallakewa. Daga nan a miƙa maka kiredit 20,000, wato kuɗin cikin wasan, a tura ka wurin dillalin motocin hannu. Zaɓi uku ne: Honda Fit, Toyota Aqua, ko Mazda Demio. Motocin kai yara makaranta. Ƙanena yana zaune a gefe yana jiran a miƙa masa hannu, da ya ga Demio ɗin da na saya tana nishi a kan miƙaƙƙiyar hanya sai ya ce, "Yaya, wai wannan tsere ne ko koyon mota?" Na ce masa duka biyun ne. Bai ƙara minti goma ba ya tashi.

Ni kuwa a nan wasan ya kama ni. Cibiyarsa wani gidan shan gahawa ne a cikin daji, mai shi sunansa Luca. Ba abin sha yake ba ka ba, littafin aiki yake miƙo maka: je ka tara ƙananan motocin Japan guda uku, je ka sa wa motarka sabon salansa, je ka ci gasa kaza. In ka kawo motocin uku sai ya zaunar da kai ya ba ka tarihinsu, me ya sa aka ƙera su, wa suka yi gogayya da shi a zamaninsu. Da littattafai 39 wasan ya fito. Wani lokaci ma sai ka tarar da baƙo a zaune, mai zanen mota na gaske, irin su Tom Matano da ya yi aikin Mazda MX-5 ta farko, yana faɗin ra'ayinsa kan motar da ka zo da ita. Duk wannan a rubuce yake, babu murya, hoton fuskar mutum ne kawai a cikin da'ira da rubutu a ƙasa. A wasa mai wannan girma abin ya yi kama da rowa, kuma wanda karatu ke gundura zai yi ta dannawa yana wucewa. Amma ni a nan na fahimci dalilin da mutane ke haukacewa a kan tsohuwar motar Nissan Skyline, abin da shekara da shekaru nake ji ban gane ba.

Sai makarantar lasisi, wadda a wurina ita ce zuciyar wasan. Da lasisi biyar wasan ya fito, kowanne da jarrabawa goma. Ta farko abin dariya ce: tashi da mota, ka tsaya cak a cikin wani akwati da aka zana a kwalta. Na ce wannan ai ko yaro. Sau tara na yi kafin in samu zinariya, domin tsakanin azurfa da zinariya abin da bai kai ƙiftawar ido ba ne, kuma duk lokacin da na yi gaggawar taka birki ko na makara da taku ɗaya, agogo ba ya yi mini kara. Daga nan ake ɗaukarka kwana-kwana. A ba ka kwana ɗaya tak, ka yi ta maimaita ta har ka gane cewa wanda ya shiga kwana da zafi a sanyaye yake fita, wanda ya shiga a hankali shi ke fita da gudu. Sauri ya haifi nawa, a zahiri, da lambobi a kan allo. Ana nuna maka inuwar motarka ta yunƙurin baya tana tafe a gabanka, ka ga daidai inda ta tsere maka. A PlayStation 5 sake farawa ba ya ɗaukar ko daƙiƙa uku, shi ya sa "bari in ƙara sau ɗaya" ke komawa sau arba'in.

Jarrabawa ta hamsin, ta ƙarshe, ita ce ta gasa mini aya a hannu. Ana ba ka Porsche 917K ta 1970, motar da ta fara ci wa Porsche gasar Le Mans, mai injin silinda goma sha biyu a bayan kujera, a ce ka yi zagaye ɗaya a filin Spa na Beljiyam, kilomita bakwai, bayan an ɗauke ruwa. Siririn layi ɗaya ne ya bushe, inda tayoyi suka saba bi. Ka kauce masa da faɗin tafin hannu, ka hau jiƙaƙƙiyar kwalta, bayan motar ya kwace, shi ke nan an soke. Dare uku na yi a kanta. A hawan Eau Rouge kaɗai na fi sau talatin ina kifewa. Daren da na haye, tagulla na samu, ko azurfa ban kai ba, amma sai da na ajiye hannun wasan na miƙe tsaye. Tun daga ranar na ƙudurta sai na mallaki motar nan. Zan dawo kan wannan.

Abin da ya sa duk wannan wahalar take da daɗi shi ne yadda motocin ke gaya maka halin da suke ciki. Kowace da ɗabi'arta. Mai jan gaba, in ka matsa mata a kwana, sai ta ƙi juyawa ta miƙe da kai waje. Mai jan baya, in ka yi garajen ba ta wuta, sai ta karkaɗa wutsiya. Porsche 911 da injinta ke rataye a can baya tana so ka gama birki da wuri, ka bar nauyin ya zauna, sannan ka buɗe mata. Kana ganin hancin mota na dukawa in ka taka birki, kana jin nauyi na komawa gefe guda a kwana. Su kuma maɓallan birki da totur na hannun PlayStation 5 ba a sake suke ba, suna da tauri, kuma taurin yana canzawa. In tayoyi suka kusa kullewa, sai birkin ya riƙa bugun yatsanka, daidai yadda feda ke yi a ƙarƙashin ƙafa a mota ta gaske. In ka hau jan-da-farin dakalin gefen hanya da tayoyin hagu, a tafin hagu za ka ji gurr. Mahaɗar gadoji a titin Tokyo ma ana jin ta, tak, tak, tak. Na taɓa gwada wasan a wurin wani aboki mai sitiyari da feda, kuma babu musu ya fi, amma wannan ne karo na farko da ban ji kamar an rage mini wani abu ba don ina riƙe da hannu kawai.

Akwai inda aka ɗan wuce gona da iri. Wasu motocin titi masu jan baya, musamman a makonnin farko, santsinsu ya fi na gaske: ka taɓa totur kaɗan a giya ta uku sai ka tsinci kanka kana kallon baya. An sassauta abin a sabuntawar ƙarshen Afrilun 2022, yanzu ya fi kama da hankali.

Ruwan sama kuwa, na riga na ba da labarinsa. Ba wai a danna maɓalli kwalta ta jiƙe gaba ɗaya ba ne. A dogon fili kamar Le Mans ko Nürburgring mai kilomita 20 da ɗoriya, ana iya tafka ruwa a wani ɓangare, wani ɓangaren rana ƙwal. Ruwa na taruwa a kwari, layin da motoci ke bi shi ke fara bushewa, kuma in ka sa tayar ruwa hanya ta bushe, sai ta cinye kafin ka ankara. Da lasifikar kunne har ƙarar ɗigo a rufin mota kana ji. Abin takaicin, ba kowane fili ake ruwa ba. Brands Hatch da ke Ingila, ƙasar da kowa ya san ta da yayyafi, ko ɗigo ba ya sauka a can.

Kyan gani ba sai na ɓata baki ba. Motocin kamar ka sa hannu ka shafa, har ɗinkin kujera da rubutun jikin fitila. Akwai sashen ɗaukar hoto mai wurare sama da 2,500 na duniya, inda za ka ajiye motarka ka yi ta gyara haske. Na san masu kwana a can, ni dai sau biyu na leƙa. Gefen hanya kuma, bishiyoyi da 'yan kallo, bai kai motocin ba. Haka ma ɓarna: ka daki bango a gudun kilomita 250, abin da za ka gani ɗan ƙarce ne da lotsawar bamba, ka juya ka ci gaba. Wasan da ya damu da yadda taurari ke jeruwa a sama bisa wuri da lokaci, amma gilashi ba ya fashewa.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba.

Matsala ta farko ita ce tseren kansa. A yawancin gasannin da kake yi da kwamfuta, babu zagayen gwaji da zai ba ka damar neman layin gaba. Kullum kai ne na ƙarshe ko kusa da shi, kuma ba a tsaye ake tashi ba, motoci na tafiya a jere da tazara mai yawa ake sakinka. Kafin ka tsallake layin farawa, na gaba ya ba ka daƙiƙa ashirin ko fiye. Aikinka shi ne ka wuce mota goma sha biyar ko sha tara a cikin zagaye uku ko biyar. Wannan ba tsere ba ne, farauta ce. Ba ka da lokacin da za ka bi bayan mutum zagaye biyu kana nazarin inda yake da rauni, ka ɗana masa tarko a kwana. Dole ka riƙa kutsawa kamar mai tsallake turaku. Su kuma direbobin kwamfutar, an liƙa musu sunayen gwanayen wasan na gaske irin su Igor Fraga na Brazil, amma tuƙin ba nasu ba ne. Suna taka birki inda babu dalili, suna bin layi ɗaya kamar jirgin ƙasa, wani lokaci kuma su dake ka ta baya kamar ba su gan ka ba. In tsere ya yi maka wuya, maganin ba ƙwarewa ba ce, ka je shagon gyara ka ƙara wa injin ƙarfi ka dawo ka share su. Duk darasin da makarantar lasisi ta koya maka, gasar ba ta tambayarka shi.

Abin da ya ƙara ba ni haushi, sun iya in sun ga dama. Akwai 'yan tseren da aka yi wa alamar barkono, inda ake tashi a cunkushe kuma abokan karawar ba sa wasa. Waɗannan su ne mafi daɗi a wasan, amma 'yan kaɗan ne. Sannan a watan Fabrairun 2022, kafin wasan ya fito, Sony ta nuna wa duniya wani direban kwamfuta mai suna Sophy da ya koyi tuƙi da kansa har ya doke zakarun Gran Turismo Sport, wasan da ya gabaci wannan, mujallar Nature ta buga binciken. An ce za a kawo shi cikin wannan wasan nan gaba. Har lokacin da na yi rubutun nan a 2022 bai iso ba.

Kuma littattafan Luca suna ƙarewa daidai lokacin da abin ya fara armashi. Ka sha wahala ka taso daga Demio har ka kai motocin tsere na gaske, ka yi gasa kaɗan da su, sai ga sunayen ma'aikata na hawa allo. Manyan motocin Le Mans da ke garejinka, a 2022 kusan babu inda za ka kai su.

Matsala ta biyu ita ce kuɗi, kuma ita ce ta jawo wa wasan tsinuwa. Shaguna uku ne. Na sababbin motoci daga 2001 zuwa yau, na motocin hannu, da na motocin tarihi, wanda farashinsa ke bin ƙiyasin kamfanin Hagerty na Amurka, masu tantance darajar tsofaffin motoci a kasuwa ta gaske. Ma'ana, in mota ta yi tsada a duniya, ta yi tsada a wasan. Wasu suna kaiwa kiredit miliyan 20. A gefe guda kuma, duk inda ka je biya, akwai ɗan rubutu da ke tuna maka cewa za ka iya cika asusunka da kuɗin gaske. A wasan da ka riga ka saya da cikakken kuɗinsa. Kuma a watannin farko na wasan, babu damar sayar da motar da ba ka so. Garejina cike yake da motocin kyauta da ban taɓa tayarwa ba, a lokacin sai dai in zubar da su a banza.

Ranar 17 ga Maris 2022 aka saki wata sabuntawa da ta rage ladan tseren da mutane suka fi samun kuɗi a cikinsu. A ranar kuma aka gano matsala a cikinta, aka rufe sabar, wato kwamfutar kamfanin da wasan ke haɗuwa da ita ta intanet, fiye da awa 30. A nan ne kowa ya ga illar abu na uku: wasan ba ya aiki sai da intanet, ko da kai kaɗai kake bugawa. In babu sadarwa, babu gareji, babu lasisi, babu gidan Luca, sai 'yan tseren gwaji da wasan tuƙi da kiɗa. Dalilin da kamfanin ya bayar shi ne hana maguɗi a ajiyar wasa. Na ji, amma wanda ke son ya yi jarrabawar lasisi shi kaɗai a ɗakinsa, wa zai cuta? Masu wasa suka yi ca, suka yi wa wasan ruwan ƙananan maki a Metacritic, shafin intanet da ke tattara makin da ake ba wasanni, duk da cewa masu sharhi sun ba shi 87. Yamauchi ya fara da bayanin cewa yana so farashin motoci ya nuna darajarsu ta gaske, abin da ya ƙara rura wutar. Bayan mako guda ya fito ya ba da haƙuri, aka raba wa kowa kiredit miliyan ɗaya.

A yi musu adalci, gyaran da ya biyo baya a farkon Afrilu ba na baka ba ne. An ƙara lada, an ɗaga iyakar abin da mutum zai iya tarawa daga miliyan 20 zuwa miliyan 100, an kawo tsere takwas na awa ɗaya-ɗaya, an kuma ƙara manyan tsere uku masu tsoka: na titin Tokyo, na Sardegna, da na Le Mans ɗin da na buɗe da shi. Na Le Mans minti 30 ne, ladan na ɗaya 550,000, in kuma ka gama ba ka daki kowa ba a ƙara maka rabi, ya zama 825,000. Tsere ne mai daɗin gaske, da lissafin mai da na taya da na hadari. Amma mu yi lissafi. Porsche 917K ɗin nan da na ƙwallafa rai a kanta, miliyan 18 na gan ta. Wato sai na ci tseren nan sau 22, kowanne ba tare da na goga wa kowa ba. Awa goma sha ɗaya ke nan a fili ɗaya, saboda mota ɗaya, a wasan da ya zo da filaye 34. A lokacin sauran tseren ladansu bai taka kara ya karya ba, don haka wasan da kansa yake kora ka zuwa wurare ukun nan kullum.

Sai cacar tikiti, wadda ban san wanda ya kawo shawararta ba. Duk ranar da ka yi tuƙin kilomita 42.195, tsawon gudun famfalaƙi, ana ba ka tikiti. A jera maka kyauta biyar a da'ira: ga mota tana sheƙi, ga tulin zinariya, ga injin, ga 'yan tsabar kuɗi a gefe. Haske ya yi ta zagayawa, ya rage gudu, ya yi kamar zai tsaya a kan motar, sai ya gangara kan 'yan tsabar. Kusan kullum. Da kyauta ce kawai da sai in yi dariya in wuce. Amma a 2022 akwai abubuwan da ba ka samunsu ta wata hanya sai ta nan. Injin da za ka dasa wa wata mota, a lokacin sai caca. Wasu motocin, irin su Ferrari Enzo da Porsche Carrera GT, ko kana da kuɗinsu a hannu ba za a sayar maka ba sai da takardar gayyata, ita ma a lokacin daga caca take fitowa, kuma tana da wa'adi. Ta zo maka ba ka da kuɗi, ta ƙare. Ka tara kuɗin, babu gayyata.

Jerin motocin ma, duk da yawansa, ya ɗan kwana biyu. Mafi yawansu daga Gran Turismo Sport na 2017 aka kwaso su, motocin da suka fito a shekaru biyu kafin fitowar wasan kaɗan ne, Lotus babu ita sam, ga kuma tarin motocin mafarki da kamfanoni suka zana don wasan kawai, waɗanda ni ba sa motsa ni.

Tsere da mutane ta intanet shi ne ke rufe wa wasan asiri a inda kwamfuta ta gaza. A can akwai zagayen gwaji, ana jera ku bisa lokacinku, kuma ana auna ka da ma'auni biyu, na gudu da na ladabi. Mai yawan dukan mutane ana haɗa shi da irinsa. Tseren da ya fi tsaya mini a rai na zo na bakwai ne, bayan na yi zagaye huɗu ina manne da wani, ko sau ɗaya ba mu taɓa juna ba, a kwanar ƙarshe ya bar mini daidai faɗin mota, ni ma na bar masa. Alƙalin wasan dai yakan yi kuskure, a dake ka ta baya ka fita hanya kuma a ci ka tara. Kwanar farko a ƙananan matakai kuwa, sai addu'a. Sannan sai kana biyan PlayStation Plus, wato kuɗin rajistar wasa da mutane ta intanet, kafin ka shiga.

Wanda ke neman ya kunna ya yi ta gudu a buɗaɗɗen gari, yana tsallake tuddai 'yan sanda na bin sa, kada ya ɓata kuɗinsa, zai tashi kamar yadda ƙanena ya tashi. Wanda intanet ɗinsa ke yawan yankewa ya yi tunani sau biyu. Wanda kuma burinsa ya tara duk motocin, to ya shirya ba da watanni, ko ya buɗe aljihu, kuma ina roƙonsa kada ya buɗe. Amma mai son ya san dalilin da mota ke yin abin da take yi, wanda zai iya yin awa guda a kan kwana ɗaya yana neman kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ban san wani wasa a kan PlayStation da zai ba shi abin da wannan zai ba shi ba. In maki ake so, bakwai da rabi cikin goma. Tuƙin shi kaɗai tara ne.

Yanzu kiredit miliyan goma sha ɗaya da 'yan kai gare ni. Saura tsere tara. Shagon motocin tarihi kuwa ba ya ajiye kaya, 'yan kwanaki mota ke yi a ciki a ɗauke ta a kawo wata, kuma shekaranjiya da na leƙa, 917K ɗin ba ta nan. Daren jiya na koma Le Mans duk da haka. Minti goma sha shida da farawa shuɗin tabon ya sake kunno kai a gefen allo, sama kuma garau. Na shiga na sa tayar ruwa.